Kawu da Ruwan Babbar Kwata

Ƙanin mahaifiyata, wanda muke kira Kawu, direba ne a ofishin lafiya tun kafin a haife ni. Dogo ne, mai son tsafta har abin ya yi yawa. Zai goge motar ofis da safe, ya sake goge ta da rana don kawai tsuntsu ya gifta ta sama. Shi ya sa duk gidan aka yi ta dariya ranar da aka ji aikin da aka ƙara masa: duk wata zai je babbar kwatar da ke bayan kasuwa ya ɗebo ruwanta a jarka.

Matarsa ta samu abin tsokana. "Maigida, mutane na zuwa rijiya, kai kuma kwata? In ƙishirwa ce ka faɗa, akwai ruwa a randa."

Kawu ya tafi wurin likitar da ke kula da sashen sa ido kan cututtuka, wata mata mai sanyin magana, ya ce shi ba ya gudun aiki, amma yana so ya san amfanin abin da zai tsoma hannunsa a ciki.

Ta nuna masa kujera. "Ka san shan inna?"

"Da ita yayana ya tashi, ranki ya daɗe. Da hannu yake tafiya."

"To, in ƙwayar cutar ta shiga yara kamar ɗari biyu, ɗaya ne kawai ƙafarsa ke shanyewa. Sauran suna ta wasansu, ba wanda ya san suna ɗauke da ita. In muka zauna jiran waɗanda za a kawo asibiti, mun makara. Amma duk yaron da ke ɗauke da ita yana fitar da ita a bayan gida, kuma ruwan unguwanni da yawa a kwatar nan yake haɗuwa. Jarkarka ɗaya tamkar ka yi sallama ne a dubban gidaje ka tambaye su lafiya."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ranar hutunsa ya bi kwatar da ƙafa don ya ga inda ruwan ke fitowa. Ya wuce bayan makaranta, ya wuce layin masu wanki, ya ga ƙananan magudanai suna shigowa ta dama da hagu, kowacce daga bayan wani gida. Yana ta bi har ya tsinci kansa a bayan katangar gidansa. Da ya shigo sai ya zauna a kan dakali, ya ce da mahaifiyata, "Yaya, ashe garin nan kaf ciki ɗaya gare shi."

Daga nan ya riƙe aikin hannu bibbiyu. Yakan je da safe, lokacin da ruwan ya fi gudu, ya sa dogayen takalman roba da safar hannu, ya tsaya a kan gada ya zura guga da igiya tsakiyar ruwan, ba gefe inda ya kwanta ba. Ya juye a jarka, ya rufe tam, ya sa ta cikin kula mai ƙanƙara, sannan ya kai inda ake aika ta ɗakin gwaje-gwaje. Mahauta suka laƙaba masa Mai Guga, sunan kuma ya bi shi har gida.

Ana nan sai sakamako ya zo cewa an ga ƙwayar a ruwan. A lokacin babu yaro ko ɗaya da aka kai asibiti da shanyayyar ƙafa. Masu riga-kafi suka bazu gida-gida, Kawu ne ke tuƙa su. A wani lungu wani kafinta ya tare ƙofa ya ce 'ya'yansa ƙalau suke, ba za a ɗiga musu komai ba. Kawu bai yi jayayya ba. Ya juya mota ya ɗauko yayansa daga rumfar da yake gyaran takalma.

Babban Kawu ya sauko da hannuwansa, ya gaida kafintan, ya ce, "Malam, ni ma ƙalau nake ranar da na kwanta. Na fi kowa gudu a layinmu."

Sai kafintan ya leƙa ciki ya ce a fito da yaran.

Bayan wasu watanni ruwan ya daina nuna komai, haka kuma ya ci gaba shekara da shekaru. Kawu bai fasa zuwa gada ba, ko ana ruwan sama. Matarsa ta daina tsokana, sai dai har yau takalman roba ba sa wuce zaure.

Da ya kusa ajiye aiki, likitar ta tambaye shi abin da yake so a yi masa. Ya ce a kai shi ya ga inda ruwansa ke zuwa. Ni na raka shi. Aka sa mana fararen riguna, muka shiga wani ɗaki mai sanyi, babu ƙura ko kaɗan. Wata ma'aikaciya ta bayyana mana yadda suke tace ruwan har ya koma ɗan kaɗan, su zuba shi a kan ƙwayoyin halitta masu rai da suke reno a kwalba. In cutar na ciki, sai ƙwayoyin su dunƙule su mutu. In babu, su ci gaba da zamansu.

Ta ɗora wata kwalba a ƙarƙashin madubin na'ura. "Baba, wannan naka ne na watan jiya. Duba."

Kawu ya cire tabarau, ya sunkuya ya kafa ido. Da ya matsa ni ma na leƙa: wasu ƙananan abubuwa ne jere reras, manne da juna, suna ɗan sheƙi.

"Duk lafiyarsu lau?" ya tambaya a hankali.

"Lafiyarsu lau, Baba."

"Ikon Allah," in ji shi. Ya sake sunkuyawa, ma'aikaciyar kuma ta jawo masa kujera ta bar shi ya kalla iya son ransa.