Goshina ya koma ƙasa

Wata biyar ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambaya ko lafiya, ga dalili.

Shekara uku ina fama da murar da ba ta warkewa. Hanci a toshe, majina mai wari, ciwo a kumatu da goshi. Na sha maganin kemis har na gaji. Har haƙori lafiyayye na sa aka cire mini a Bwari, ina zaton shi ne.

Abin da ya fi damuna shi ne sujada. Da na sunkuya sai in ji kamar an zuba mini dalma a fuska. Na koma salla a kan kujera a gefen sahu tare da dattawa, ina ɗan shekara arba'in da biyu.

Likitan hanci ya zura mini siririyar kyamara, ya tura ni hoton kai. Ya nuna mini kogunan da ke cikin ƙashin fuska sun cika da mugunya, mafitarta ta toshe. Ya ce magani ya yi iyakarsa, saura tiyata. Inshorar ofis ta ɗauki wani kaso, 'yan'uwa suka cika.

Na ji tsoro, don aikin kusa da ido ne. Matata Hadiza ta ce wanda ya ba da haƙorinsa kyauta ai ba matsoraci ba ne.

Ta cikin hanci aka yi, ba a tsaga fuska ba. Na farka da auduga a hanci, ina numfashi ta baki, maƙogwaro a bushe.

Nas ɗin da ta sallame ni, Sista Rifkatu, Kirista ce daga Filato, amma ta san inda zan yi ɓarna.

"Oga, in za ka yi alwala, ban da shaƙa ruwa, ban da fyace hanci. Sujada kuma sai likita ya yarda. Na san halinku."

Sati uku ina wanke hanci da ruwan gishiri, ina ƙirga kwana. Ranar da likita ya ba ni izini, la'asar ta riske ni a masallacin asibitin. Na sa goshi a ƙasa ina jiran ciwon.

Bai zo ba.

Na daɗe a haka har na kusa da ni ya taɓa ni, yana zaton na suma.

Alhamdu lillahi. Likitana, Sista Rifkatu, Hadiza da duk wanda ya yi addu'a, Allah Ya saka muku da alheri.

Mai murar da ta ƙi tafiya wata da watanni, ga ciwon fuska, ya nemi likitan hanci, ya bar kemis ya huta. Wanda aka yi wa aikin kuma ya bi dokar nas, ko da ta hana shi abin da ya fi so. Kwanakin suna wucewa.