Ƙaurin Yaya a Bayan Keke

A gidanmu na Ƙofar Kware, abin da ba ya numfashi ba dukiya ba ne. Mu mahauta ne kaka da kakanni. Baba yakan hangi sa daga nesa ya faɗa maka yawan kitsen da ke jikinsa, amma keken da kawuna ya bar mini lokacin da ya koma gabas, ko da yatsa bai taɓa shafa shi ba. In ya tarar ina goge shi da tsumma sai ya yi tsaki ya wuce. A wurinsa keke na akawu ne da masinja, ba na wanda rigarsa ke warin kwata ba.

Ni kuwa ina saurayi, ƙarfi ya yi mini yawa, ga taurin kai. Abokaina masu keke cikin gari suke yawo, inda 'yan mata za su gan su, suna kaɗa ƙararrawa ba gaira ba dalili. Ni duk ranar da aiki ya yi sauƙi gangarawa nake yi in ƙetare gulbi in hau tuddan arewa, inda ba mai kallona sai awaki. A can na gane burji iri iri ne. Akwai jan da motoci suka daddaɓe, mai gargada har haƙoranka su riƙa karo da juna. Akwai tsakuwa mai sulɓewa ƙarƙashin taya, akwai kuma marmara mai kaifi. Na koyi rage wa taya iska in zan hau tudu don ta kama ƙasa, na koyi jan jiki baya in ana gangara. Gwiwoyina har yau suna ɗauke da tabon wannan karatu.

Yayata, wadda nake bi, tana aure a wani ƙauye bayan waɗannan tuddai. Mijinta mutumin kirki ne, yana kora wa fatake shanu zuwa kudu, kuma a shekarar da aka sami 'yancin kai ya tafi da garke tun cikin damina bai dawo ba. Ana tsakiyar hidimar biki, gari ya cika da tutoci da baƙi, sai ga wani mai jaki daga ƙauyen ya yi mana sallama a kwata da hantsi. Ya ce Yaya ta haihu namiji, lafiya lau. Bawan Allahn nan ashe ya tsaya cin kasuwa a hanya da saƙon a bakinsa, har sai da ranar ƙauri ta zo, wato ranar da yake tsaye gabanmu.

Ƙauri ƙafafun shanu ne da ake dafa wa mai jego da yaji kafin suna. Mata su taru da la'asar su ci, a aika wa maƙwabta. Miji ke saye, in ba ya nan danginsa su yi. To, dangin mijin Yaya tsohuwa ɗaya ce, uwarsa, wadda ba ta da komai sai rumbun gero. Mai jakin, da yake bakinsa ba ya riƙe magana, ya ƙara da cewa tuni matan ƙauye suka fara yi da ita a bakin rijiya, wai 'yar mahautan birni za ta yi jego da kunu zalla. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san Yaya, mace ce mai zuciya, ta daɗe tana haɗiye zaman baƙunta a ƙauyen nan, kuma irin wannan magana takan bi mace har tsufa.

Baba ya miƙe tsaye. Ya nufi san da aka kayar da safe, ya cire ƙafafun nan huɗu da fatarsu, don ba lokacin babbaka, ya haɗa da tsoka da hanta. Sai ya tsaya yana duban kayan. Motar da ke bi ta wajen an ɗauke ta jigilar 'yan biki. Jaki ba zai kai ba sai gobe. Ƙauri kuwa in bai hau wuta kafin azahar ba, ba zai nuna a ci ranar ba. Can ya juyo ya dube ni.

"Kai, jakin ƙarhen nan naka, shina kai ka ƙauyen yayarka kahin azahar?"

"Shina kai ni, Baba."

"In ka san ba ka iyawa ka hwaɗi yanzu. Kak ka kai ma ɗiyata kunya bisa kunya."

Na ce na ji. Shi da kansa ya nannaɗe naman a ɗanyen ganye, ya sa a jiƙaƙƙen buhu, ya ɗaure a kariyar bayan keken da irin ƙullin da yake yi wa sa mai faɗa. Ina tsaye ina kallon hannunsa a kan sirdina, daɗi ya kama ni har na manta da ɓacin rai.

Na fita ta Ƙofar Kware na gangara fadama, shinkafa ta kai ƙugu dama da hagu. A mashigar Kwalkwalawa mai fito ya shinshina iska ya ce ko dai biki zan kai wa kadojin gulbi. Na ce ya tuƙa kawai, mu yi wasan in na dawo. Da muka ƙetare na kai inda hanya ta rabu. Ta mota tana zagaye tudun, shimfiɗaɗɗiya ce amma doguwa, in na bi ta sai la'asar. Ɗayar burtali ne, hanyar shanu, wadda ta haye tudun kai tsaye. Na sha binta, sai dai ban taɓa binta da kaya ba. Na sauka na rage iska, na yi bisimilla na kama burtali.

Hawan nan ban taɓa shan irinsa ba. Nauyin baya yana ɗaga ƙafar gaba, dole na kwanta bisa kan keken ina taka feda a tsaye. Tsakuwa tana tsere mini, zufa tana shiga idona, ƙudaje sun yi mini rakiya, ga wata shirwa tana shawagi a kaina tana jiran in faɗi. Na ɗaga kai na gaya mata maganar da ba zan iya maimaitawa ba yanzu da na yi jikoki. Sau da yawa zuciyata ta ce in sauka in tura, na ƙi, don turawa cin lokaci ne. Da na kai ƙololuwa na waiwaya, sai ga Sakkwato can baya ta yi ƙanƙanta, gaba kuma gonakin gero har iyakar gani.

A nan marmara ta yanke ni. Na ji wani ɗan ƙara a ƙafar gaba, na dira na duba. Tayar ta tsage a gefe tsawon yatsa, tiyub ya leƙo ta wurin ya kumbura. Bai fashe ba tukuna, amma dutse ɗaya zai taɓa shi a gama. Faci ba ya maganin wannan, kuma ba gida ba mutum a kusa. Na zauna a ƙasa, haushi ya cika ni har hawaye suka zo. Na zagi marmara, na zagi mai jaki da kasuwar da ya ci.

Ina cikin haka idona ya faɗa kan ƙotar wuƙata, wadda ɗan mahauci ba ya fita ba ita a ƙugu. Da ɗanyar fata muke ɗaure ƙota in ta tsage, tana bushewa tana ƙara matsewa har ta koma kamar ƙarfe. Ga ɗanyar fata kuwa a bayana, ƙafa huɗu. Na kwance buhu na zaro ɗaya, na roƙi Yaya gafara a raina, na zare fatar a tsaye, siririya doguwa. Na sace iskar tayar, na tura tiyub ciki, na bi wurin da fata ina ratsawa tsakanin wayoyin ƙafar keken ina ja da haƙori, sannan na buga famfo. Ta riƙe. Sai dai ɗaurin yana karo da birkin gaba, don haka na kwance birkin gaba ɗaya na jefa a aljihu.

Haka na fuskanci gangarar nan da birki ɗaya da kayan nama. Na ja jiki baya, na saki keke. Duk zagayowar taya sai fatar ta bugi ƙasa, fat, fat, fat, rana tana busar da ita tana ƙara kamawa. Na kauce wa kwazazzabo, na ratsa tsakiyar tumaki, wani manomi ya saki lauje yana salati. Tsoro ya bar ni a tsakiyar gangarar, na ji ina ihu ni kaɗai saboda murna.

Ladan bai kira azahar ba na shiga ƙauyen, yara suna bina a guje. A tsakar gidan na tarar da tsohuwa, surukar Yaya, tana dama kunun kanwa kanta a sunkuye. Mata kuwa sun riga sun fara taruwa tun kafin lokaci, ka san ba yunwa ta kawo su da wuri ba. Na gaishe su, na sauke buhu gaban tsohuwa na ce saƙon Baba ne. Ta buɗe, ta danna tsokar da yatsa, ta shinshina.

"Wanga nama yankan yau na!" in ji ta, ta rangaɗa guɗa da muryar da ban zaci tana da ita ba.

Wata mai ido a cikin matan ta ɗaga ƙafar da na feɗe. "To wagga hwa, mi ya cinye hwatatta?"

Na nuna mata tayar gaba. Suka taso suka kewaye keken suna taɓa ɗaurin, dariya ta ɓarke, wata ta ce ashe abin hawan birni ma cin ƙauri yake yi. Nan da nan aka hura wuta, aka fara babbaka, aka ɗora babbar tukunya.

Yaya tana ɗaki bayan asabari, ban ganta ba tukuna. Na matsa bakin ƙofa na yi mata barka, na ji ta amsa a hankali, ta tambaye ni ko Baba ne ya ɗaure kayan da hannunsa. Na ce shi ne. Sai na ji ta gyara murya, ta ɗaga ta yadda har na waje za su ji.

"Inna, a ƙara icce. In ya nuna a kai ma kowane gida, kar a tsallake ko guda. A hwara da na bakin rijiya."