Jaririn Abass Bai Cika Kuka Ba

Abass mutumin Bawku ne, amma unguwar Nima ce ta raine shi. Ya zo Accra yana saurayi, ya yi dako, ya yi yaron mota, daga baya ya samu 'yar rumfa a kasuwar Abossey Okai yana sayar da tsofaffin kayan birki. Mutum ne mai shiru, sai ka tambaye shi sau biyu kafin ya amsa. Sai da furfura ta fara leƙo masa a gemu ya auri Mubarika, mai sayar da koko a bakin titin Maamobi, suka tare a ɗaki ɗaya can ƙuryar wani gidan haya. Ɗakin yana da taga, amma maƙwabci ya daɗe da ta da katanga a jikinta, don haka ko da tsakar rana sai an kunna ƙwan lantarki.

Da Mubarika ta samu ciki, ungozomar asibitin unguwa, Anti Najat, ta ce kowace mai zuwa awo ta riƙa zuwa da mijinta ranar Laraba, akwai karatun da ake yi wa masu jiran haihuwa. Mata suka kwashe da dariya. Abass kuwa ya rufe rumfarsa ya zo, shi kaɗai namiji a ƙarshen benci. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa suna mai ciki, bai kula ba. Fiye da rabin 'ya'yan mahaifiyarsa sun rasu tun suna cikin zanin goyo, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa dalili. An dai ce kwanansu ne ya ƙare.

Anti Najat tana koyarwa da wata 'yartsana ta roba, tana Hausa tana juyawa zuwa Twi saboda waɗanda ba su ji. Ta nuna musu yadda ake tallafe kai, da wanka, da kula da cibiya ba toka ba man goge baki. Wata Laraba ta ajiye 'yartsanar ta yi maganar shawara. Ta ce jarirai da yawa idonsu yakan yi rawaya a kwanakin farko, galibi ya wuce da kansa, amma wani yakan hau kai ya taɓa ƙwaƙwalwa ko ya tafi da ji. Ta hana sa kafur a kayan jariri, don akwai yaran da yake fasa musu jini.

"Kowace safiya ku fito da shi hasken rana ku duba idonsa," in ji ta. "Ƙwan lantarki zai ruɗe ku."

Wata dattijuwa da ta rako jikarta ta ce su a wurinsu ba a fito da jariri sai ranar suna. Ungozomar ta ce ta sani, shi ya sa yawancin waɗanda ake kawo mata bayan suna ake kawo su.

Haihuwa ta zo da sauƙi, namiji, washegari aka sallame su. Hajiya Barikisu, mahaifiyar Mubarika, ta iso daga Tamale da akwatin zannuwa da 'yan riguna da ta daɗe tana tarawa. Tana buɗe shi warin kafur ya cika ɗakin. Abass yana bakin ƙofa, ya tuna maganar Anti Najat. Ya yi wa matarsa raɗa, ta ce ai za a wanke, kuma ita ba za ta iya kallon idon uwarta ta ce kayanta ba su yi ba. Shi ma kunyar suruka ta kama masa baki. Aka naɗe yaron a zannuwan.

Yaro ya zo da haƙuri, haka 'yan barka suke ta faɗi. Ba kuka, ba rigima, ya gaji ubansa. Abass ya sayo rago ya ɗaure a tsakar gida. Amma ya lura yaron yana kama nono sai ya saki ya koma barci, kuma kullum barcin yana ƙara nauyi. Yakan sunkuya ya leƙa fuskarsa a ƙarƙashin ƙwan, sai ya ga komai na ɗakin rawaya ne, bango da labule har tafin hannunsa. Ya rasa wanda zai yarda da shi, idonsa ko tsoronsa.

Ana gab da suna ya fita kasuwa da safe. Har ya shiga trotro, motar haya, ta tashi, sai ya ce wa kwandasta ya tsaya. Ya dawo da ƙafa. Ya tarar da Hajiya tana dama wa mai jego kunu, ya durƙusa.

"Mma, ki yi mini haƙuri. Zan fita da yaron nan waje."

"Kafin suna, Abass? Gidan haya ne fa, ido ya yi yawa."

Ba faɗa ta yi ba, tsoro ne a muryarta, irin na wadda ta raini 'ya'ya da jikoki a kan abin da ta sani. Abass ya miƙe. Ya ɗauki yaron, ya bi siririn lungun da ke gefen kwata har inda rana take sauka tsakanin rufin kwano biyu. Ya ɗaga fatar idon da babban yatsa. Farin idon ya koma kamar gwaiduwar ƙwai. Ya buɗe zanin, ƙirji da ciki duk haka suke. A nan yaron ya saki wani siririn kuka mai tsini da ba su taɓa ji ba, ya banƙare baya.

Hajiya Barikisu tana bayansa, ta gani. Ta yi salati a hankali, kuma ita ce ta fita titi ba takalmi ta tare tasi.

Anti Najat kallo ɗaya ta yi masa ta tura su babban asibiti. Aka tuɓe shi, aka rufe masa ido, aka kwantar da shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. Likita ya ce ƙila kafur ne, ƙila jininsa ne da na uwarsa ba su jitu ba, bai ɗora wa kowa laifi ba. Duk da haka Hajiya ta kwashe akwatin ta fitar daga gidan, ta yini ba ta sa komai a bakinta ba.

An yi suna ba mai suna. Liman ya raɗa Abdul-Latif, aka yanka rago, aka raba nama gida-gida ba hayaniya.

Yaron ya tashi, an sallamo shi idonsa fari tas. Sai dai a gwajin ji kunne ɗaya bai amsa ba, ɗayan kuma likita ya ce ba zai yanke hukunci ba tukuna, su dawo idan ya ƙara watanni. Tun daga nan, in murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida, su ukun gado suke kallo. Wani lokaci yaron ya zabura, wani lokaci ya ci gaba da kallon rufi.

Mubarika ta koma kan kokonta da shi a baya. Abass yakan tsaya can gefe da safe kafin ya wuce Abossey Okai, motoci suna ta zabga oda a titin Maamobi, shi kuwa idonsa yana kan ɗan kan nan da ya leƙo daga zani, yana jira ya ga ko zai juya.