Ƙararrawar da Ta Sauko da Su

Ran Juma'a ce, mako na huɗu na Karem, azuminmu na Kirista. Da sassafe na jiƙa wake, don Juma'a ba ma cin nama. Ba wai muna da naman ba ne, amma dai haka ake yi. Mijina Matiyas yana gindin rumbu yana ɗinke takalminsa. Muna ta faɗa a kan akuyarsa da ta cinye mini kuɓewar da na shanya. Na zagi akuya, na haɗa da mai ita. Ya yi ta dariya. Ko kallon kirki ban yi masa ba.

Ƙauyenmu yana gindin dutse, bayan Mokolo. Matiyas ne katikis, shi ke jan addu'a idan Fada bai zo ba. Ƙararrawarmu ƙarfen tayar babbar mota ce, an rataye ta a tsamiyar majami'a. Tun da mutanen daji suka fara ƙona ƙauyukan kusa, sai muka yi shawara. Idan aka buga da sauri, kowa ya hau dutse. Idan aka buga ɗai-ɗai, a hankali, to lafiya ce, a sauko a yi addu'a. Mu kaɗai muka san wannan.

Mai bugawa Andire ne. Mashayin bilbil, giyar dawa. Matarsa ta gudu, gonarsa ta zama ciyawa. Ranar da Matiyas ya ba shi aikin, na yi masa tsiya har maƙwabta suka leƙo. Na ce duk garin nan ka rasa mutum sai wannan? Ya ce da ni Allah bai jira Andire ya daina sha ba kafin ya ƙaunace shi, ni ma bai jira na rage baki ba. Kun ji irin mutumin da na aura.

Ƙarfe goma sha biyu saura kaɗan, wake yana kan wuta, na ji ƙarar babura daga gabas. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Nan take ƙararrawa ta kama da sauri, kamar za a fasa ta. 'Yata Marta ta saɓi jaririnta. Matiyas ya goyi tsohuwarsa. Na bar tukunya a wuta. Har muka shige cikin duwatsu ƙararrawar ba ta yi shiru ba. Andire ya tsaya yana bugawa har kowa ya hau. Wannan ma gaskiya ce, ba zan ɓoye ta ba.

Sai shiru. Muka kwanta a kogo. Dutse ya yi zafi kamar tanda. Mun ji kukan awaki, mun ji ana fasa ƙofofi. Wajen ƙarfe ɗaya muka ji babura sun tashi sun yi nisa. Babu harbi ko ɗaya.

Ƙarfe uku daidai, lokacin addu'ar Hanyar Gicciye, ƙararrawa ta buga. Ɗaya. Ta tsaya. Ɗaya.

Matiyas ya miƙe ya kaɗe wandonsa. Ya ce sun tafi. Tsohuwa ta ce ita ƙishi zai kashe ta, ya sake goya ta. Maza suka bi shi, da matan zumunta, har wasu sun fara waƙa. Ni na tsaya don jaririn Marta yana kan nono. Ba wayona ba ne, ba kuma kirkina ba. Yaro ne bai ƙoshi ba.

Daga kan dutse ana ganin tsamiya. Na ga Andire da guduma. Na ga mutum a bayansa da bindiga a ƙeyarsa. Sannan na ga sauran mutanen dajin suna fitowa daga cikin majami'a. Ashe baburan kawai aka kora.

Na yi ihu. Iska ta tafi da muryata. Sai na jiyo mutanen dajin suna daka tsawa.

"Ku kwanta!"

"Maza nan, mata can!"

"Kai mai goyo, ajiye ta!"

Bai ajiye ta ba. Harbin bai fi tsawon addu'ar Ubanmu wanda ke sama sau biyu ba. Abin da har yau yake hana ni barci shi ne ƙararrawa. Ana harbi tana bugawa. Ɗaya. Ɗaya. Bai sauya hannu ba. Da ya buga da sauri sau uku kacal, da na baya sun juya.

Ƙarfe huɗu hayaƙi ya rufe gari. Muka bi bayan dutse, ni da Marta da waɗanda suka rage. Ba mu binne kowa ba. Ƙafata ta tsage, na ɗaure da ɗankwali. Da rana ta fito muna kasuwar Mokolo. Wani Alhaji mai fataucin shanu, wanda Matiyas ke sayar wa awaki, ya gane ni. Ya dubi bayana, bai ga mijina ba, bai tambaya ba. Ya sa mu a motarsa cikin kashin shanu, ya miƙo mana ruwa da burodi. Muka wuce Marwa, na hango tsinin dutsen Mindif, na kawar da kai. Na ƙoshi da dutse. Da la'asar muka shiga Garwa, gidan ƙanwata.

Shekara ta zagayo. Ran Larabar Toka, farkon azumi, na je majami'a na shiga layin karɓar toka. Mutum biyu a gabana, na ga wata ƙeya. Na san ta, ta Andire ce. Ya rame, kunnensa ɗaya babu. An ce sun tafi da shi, ya gudo. Ban damu da abin da aka ce ba.

Ranar Fada ya yi wa'azi, wai ƙaunar Allah ba lada ba ce, ba a yi mata aiki, kyauta ce ga kowa. Kowa fa. Na so in ja rigarsa in ce, Fada, ka san wane ne wannan? Wannan kyautar ce ta ba shi guduma. Wannan kyautar ce ta bar mijina a ƙasa da uwarsa a baya.

Andire ya kai gaba ya sunkuya. Fada ya sa masa toka a goshi. Yatsan nan, ko gogewa bai yi ba, ya sake tsoma shi ya sa wa ta gabana, ya sa mini. Kwano ɗaya. Tawa ba ta fi tasa yawa ba ko da ƙwaya.

A bakin ƙofa ya durƙusa ya ce, "Maman Marta." Na wuce. Ban yafe ba, kada wani ya rubuta cewa na yafe. Na kai hannu goshina zan goge tokar, sai na ji muryar Matiyas, da dariyar nan tasa mai ba ni haushi. Na sauke hannun. Haka na bi titi har gida da ita.

Daga gidanmu mutum biyu aka kashe. Daga gidan ƙanen mijina uku. Daga zumuntar mata, Saratu da Lidiya, masu ɗaga mana waƙa. Takalmin da Matiyas yake ɗinkewa, ƙafa ɗaya ya gama.