Na'urar da ta ƙi turaren Malam

Wai wa zan gaskata, na'ura ko Malam? Har yanzu na rasa amsa. 'Yan uwa, ina faɗa, ɗiyata Hauwa na rubuta muku.

Bayan rasuwar maigidana Malam na yi ta tari, sai ɗana Sani ya kawo wata 'yar na'ura daga ofishinsu, wai tana auna iskar ɗaki. Duk zaman takabata ban taɓa turare ba, ita kuma koriyar fitila take nunawa. Tarin ma ya tafi.

Yau na fita takaba. Na hura gawayi a kasko, na zuba turaren wutar da Malam yake so, na saki labule kamar kullum don kada ƙamshin ya tsere. Na zauna ina kuka. Sai na'urar ta yi jawur, ta kama ihu har ta fi ni!

Sani ya faɗo da gudu, ya yaye labulen. "Inna, a fitar da kaskon nan. Wannan hayaƙin ne ke sa ki tari."

Na ce, "Kai, tun ina amarya nake yi wa ubanka shi."

Ya ce, "Ai Baba ma tari yake yi, Inna." Sai ya sunkuyar da kai.

Yanzu kaskon na tsakar gida, kaji ne ke shan ƙamshi. Ni kuwa ranar da Malam zai cika, abin da ya ce mini na ƙarshe shi ne, "Binta, ƙara turaren nan, da shi nake jin daɗin numfashi."