Shekarar da Yaya Ya Bar Tuwo

Ni dai karatuna bai wuce aji biyu na elementare ba, shi ma na biyun rabinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi. Saboda haka da aka ɗauke ni masinja a ofishin aikin gona a Mubi, abu biyu na kawo wa gwamnati: ƙafafun tuƙa keke da baki. Ƙafafun ake biya, bakin kuwa kyauta nake bayarwa. Babu wanda ya tsira daga tsokanata, daga akawu har jakin mai kawo mana ruwa.

Ba a daɗe da jefa ƙuri'ar nan ba, wadda aka tambaye mu ko Nijeriya muke so ko Kamaru. Turawa suna ta tattara kayansu, gari ya cika da sababbin ma'aikata, samari masu takardar shaida da tsukakken wando. Mu tsofaffin hannu muka matsa gefe muna kallo.

Mai kula da siton ofishinmu shi nake kira Yaya. Ba mu haɗa uwa ko uba ba. Shi Kirista ne daga duwatsun Michika, ni Musulmi daga Digil, sai dai ya girme ni, kuma shi ya koya mini yadda zan sa hannu a takarda ba tare da na ɓata rabin shafi ba. Mutum ne mai jiki, tumbinsa na riga shi shiga ɗaki. A zamaninmu wannan ba abin kunya ba ne. In ka ga ma'aikaci da tumbi, ka san gidansa lafiya.

Da rana mukan ci abinci a gindin tsamiyar bayan sito, mu huɗu: Yaya, da ni, da direban motar ofis, da tsohon maigadi. Kowa da kwanonsa, amma a tsakiya ake jerawa, hannu ya shiga inda ya ga dama. Nawa hannun kullum kwanon Yaya yake gani. Matarsa takan ajiye shi wurin maigadi in za ta wuce kasuwa sayar da ganye. Tuwon dawa ne da miyar yakuwa da gyaɗa, irin wadda in ka ci sai ka yafe wa maƙiyinka. Naman kuma wurin mahautan kasuwa take saya ba wani wuri ba, saboda ni da maigadi da muke Musulmi, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

Sai aka kawo mana sabon ofisa, saurayi siriri da ya dawo daga kwas a ƙasar Turawa. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Amma ya zo da wata aƙida, wai tuwo yana nauyaya ƙwaƙwalwa. Da rana gwanda yake ci da dafaffen ƙwai, ya kora da shayi ba sukari. Kafin wata ya zagayo, ƙananan akawuna duk sun kama. Wani ya ƙara da ruwan zafi da lemon tsami da sassafe. Wani ya ce an gaya masa a tauna loma har ta zama ruwa kafin a haɗiye, sai ka gan shi a kan teburi yana tuƙa kamar saniya. Waɗannan na yi musu tsiya iyakar iyawata, don su wasa suke yi, kuma sun san wasa suke yi.

Wata rana ofisan ya shigo duba sito. Buhunan irin gyaɗa an jera su layi-layi, da ɗan lungu a tsakani. Ya bi lungun ya wuce sumul. Yaya ya bi shi, ya maƙale. Sai da ya juya gefe ya ja numfashi sannan ya fita, gumi na zuba. Ofisan ya yi murmushi ya ce, “Baba, ya kamata mai sito ya iya wucewa tsakanin kayansa.” Akawunan da ke biye da shi suka fashe da dariya. Yaya ma ya yi dariya, har ya fi su ƙarfi. Ni ina bakin ƙofa, na ga bayan sun fita ya tsaya yana gyara buhun da ba abin da ya same shi.

Ranar Litinin muka zauna a gindin tsamiya, Yaya ya buɗe kwanonsa ya turo mana shi gaba ɗaya. Ya ciro gwanda da 'yar wuƙa daga aljihu.

“Daga yau na bar tuwo,” in ji shi. “Ku zama shaida.”

Wallahi magana ta riga ta zo mini har kan harshe, mai daɗi kuwa, har yau ina tuna ta, kuma har yau ba zan faɗa ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne yadda yake feraye gwandar. Kansa a sunkuye yake, kamar mai jiran a mare shi. Sai na ji kaina ina cewa, “Yaya, ɗan yanko mini in ɗanɗana.” Ya yanko. Na ce tana da zaƙi. Ba ta da shi.

Direba bai da irin wannan ciwon. “Baban Sito, abincin biri ke nan fa! Gobe sai mu same ka a kan tsamiya.”

Maigadi kuma ta wa'azi ya ɓullo. Ya ce Allah ya ba mutum dawa ya ce ba ya so, wannan butulci ne, ko a coci ko a masallaci. Kullum sai sun taɓa shi, ɗaya da dariya ɗaya da nasiha, kullum kuma sai ya ƙara taurin kai. Har direba ya yi alkawari a gaban kowa: “Ranar da ka koma tuwo, zan danna odar mota daga nan har kasuwa, kowa ya sani.”

Ni ban ce ya yi daidai ba, ban ce ya yi kuskure ba. Nakan tambaye shi yaya jiki, ya ce sakayau. In ce madalla. Sannan in jawo kwanon matarsa in yi masa adalci. Kada a ɗauka wahala na sha a wannan zamanin. Har kumatu na yi.

Da aka kwana biyu sai abin ya daina ba ni dariya ko a ɓoye. Akawunan nan ɗaya bayan ɗaya na riƙa ganinsu wurin mai tsire da yamma, sun koma gidan jiya ba wanda ya tambaye su, don ba su kira shaidu ba. Yaya kuwa rigarsa ta fara rataya a jikinsa. In ya auna iri kaɗan sai ya zauna ya huta. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa leburori murya ba ya fara yi musu tsawa. Abin da ya fi ci mini rai, ofisan ya sake shiga siton ba sau ɗaya ba, bai ko lura ba. Ya manta ya taɓa yin maganar.

A nan na gane ba tumbi ne ke damun Yaya ba. Ya yi shekaru yana riƙe da mabuɗin nan tun zamanin Turawa, yanzu yana ganin yara sa'annin 'ya'yansa suna kallonsa kamar tsohon buhu da aka manta a lungu. In ka ce masa ya ci tuwo, abin da yake ji shi ne, ka yarda kai tsohon buhu ne. Ga kuma odar direba tana jiransa.

Ranar kasuwa na bi ta rumfar masu ganye, sai na ji an ce, “Kai, ƙanin miji! Zo nan.”

Matar Yaya ce. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Ka yi kyau. Miyata ta karɓe ka.”

“Matar Yaya, ai hannunki ne akwai albarka.”

“Rufe mini baki. Kwano na dawowa a wanke, miji na dawowa a bushe, kai kuma wuyanka ya ɓace. Ka ɗauka ban iya lissafi ba?” Sai muryarta ta sauka. “Ko a gida ba ya ci. Na yi faɗa, na yi kuka, na turo masa fasto. Jiya da zai miƙe daga kujera sai da ya dafa bango. So yake ya ci, na san shi. Kunya ce ta hana shi. Kai da bakinka ba ya hutawa, a nan ne ka zama kurma?”

Na ce in na yi magana zan zama na uku, bayan direba da maigadi.

“To ka daina cinye masa. Ko ya ga kwanon a cike ya ji wani abu.”

Ina so in ce dabarar da ta biyo baya tawa ce, amma iyakar abin da na yi shi ne na bi umarnin mace, sannan bakina ya ƙara gishiri. Washegari da Yaya ya turo kwano, na mayar da murfin na rufe. Na ce, “Yaya, na yi tunani. Kai ka koya mini sa hannu, ban taɓa bin ka na ɓata ba. Ni ma na bar tuwo. Abin da ka ci shi zan ci.” Na rantse da keken gwamnati, don na san abin da zan iya ɗauka.

Direba ya faɗi ƙasa don dariya. “Kai? Kai da in ka juya gefe ba a ganinka? Me za ka rage, ƙashi?”

Yaya ya ce, “Kada ka yi wauta.” Na ce in wauta ce ai tare muke. Ya raba gwandar biyu.

Niyyata in yi gwanda da rana, in rama a gida da safe da yamma. Ban san matar Yaya ta riga ta biya ta wurin tawa matar ba. Na koma gida na wanke hannu, aka ajiye mini faranti a rufe. Na buɗe, gwanda. Matata tana tsaye a bakin madafa ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Ta ce, “Maigida, an ce ka zama Bature.” Yara na cin tuwo a gabana, ba wanda ya ce mini bismilla.

Ban san yadda Yaya ya jure makonni ba. Ni a kwana na farko na fara jin ƙamshin daddawa a cikin takardun ofis. Tsokana ta ƙafe mini. Maigadi ya ce tun da aka gina ofishin bai taɓa samun zaman lafiya irin wannan ba. Dariyar gindin tsamiya duk ta dawo kaina, Yaya ya samu sarari. Nakan kama shi yana satar kallona.

Ana cikin haka aka aike ni garin Gella da takardu. Tafiya na yi ta da ƙarfin hali. A dawowa na tsaya a mayo, wato rafi, na cika ciki da ruwa, na hau keke na ci gaba, hanya tana raba kanta biyu a idona. Na iso ofis daidai lokacin cin abinci. Na sauke ƙafa ɗaya, ta ce ba ta san ni ba. Ni da keke da jakar gwamnati muka zube a ƙofar sito.

Da na buɗe ido ina gindin tsamiya, rigata a jiƙe, Yaya na yi mini fifita da murfin kwano. Shi da direba suka ɗauko ni, ashe, kuma shi ma haki yake.

“Ci,” ya ce, ya turo tuwon gabana.

“Na rantse, Yaya.”

“Da keke ka rantse, sakarai.”

“Keken gwamnati ne.”

“Za ka kashe kanka ka bar mini 'ya'yanka? Ci, na ce!”

Na ce, da 'yar muryar da ta rage mini, wadda kuma na ƙara ƙanƙantar da ita kaɗan, “Ba na sa hannu sai babba ya sa.”

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, har na fara tsoron ya gano inda aka dosa, kuma ina jin ya gano. Sannan ya juya wurin direba da maigadi, ya ɗaga murya yadda har akawunan da suka leƙo ta taga za su ji.

“Kun gani ko? Saboda wannan mahaukacin zan karya maganata. In na bar shi mutuwa zai yi.”

Ya wanke hannu. Ya gutsuro loma, ya dangwala a miya, ya kai baki. Ya rufe ido kaɗan. Ni ban jira ta wuce maƙogwaronsa ba.

Maigadi ya ce, “Ceton rai ai wajibi ne,” ya matso da nasa kwanon tsakiya.

Na saci kallon direba, don shi ne abin tsoro. Ya buɗe baki, ya dubi Yaya, ya dubi tuwon da ke gabansa. Sai ya juyo kaina. “Masinja, da ka ga yadda ka faɗi! Kamar an yar da tabarma.” Ya tashi ya kwaikwayi faɗuwar, ya sake kwaikwaya, har da ƙarar keke. Yaya ya yi dariya har ya ƙware, na bubbuga masa baya. Odar dai ba a danna ba. A madadinta, shekara da shekaru in na shiga tasha sai wani ya ce, “Ga Baturen Gella,” don direba bai bar kowa bai ba shi labari ba.

Yaya bai koma cin da yake yi da ba. Yakan ci rabi ya ture, kuma ya riƙe ruwan zafinsa da lemon tsami har tsufansa, ya ce yana jin daɗinsa. Ba wanda ya ce masa don me. Ni da shi ba mu taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Ranar dai da ya koma tuwo, muna gama ci, da na miƙa hannu zan ɗauki ƙashin da ya rage a miya, ya buge mini hannu.

“Bari,” ya ce. “Wannan nawa ne. Ka ci rabonka tun watan jiya.”