Awon Masu Jirgi

Shekarar da maigidana ya aiko muna da tikitin jirgi zuwa Libarbil, inda yake zaune, ɗiyata na da wata tara, kuma bakinta bai yarda da komi ba sai nono da kunun gero. Kunun ma sai na garin da na surfa da hannuna, na haɗa da soyayyar gujiya. Ta taɓa yini biyu tana kauda kai don an ba ta na gwangwani. Ni kuwa ban sani ba ko ana noman gero a ƙasar da za mu. Na daka tiya biyu, na ƙulle cikin leda, shi na fara sawa ƙasan akwati.

Har sau ukku maigida ya gaya mini ta waya: jirgin mai araha ne, akwati guda, kilo ashirin. Abin da ya hau bisa sai an biya, kuma guzurina ba ya kai.

To amma a garinmu Garu ba a tahiya a ɓoye. Inna, uwar mijina, ta zo da shinkafar gonarsu. "Yarona ya rame," in ji ta, "ga muryarshi na ji." Maƙwabciya ta kawo gabu, busasshen ganyen albasa, a kai ma wanta. Wata ta kawo busasshen kihi don wani ɗan ƙanwarta da ba ta san ko unguwar da yake ba. Wa ke iya cewa a'a ga saƙo? Na yi ta amsa ina dannawa.

Kawu, ƙanen uwata, dillalin albasa ne a kasuwar Malanbil, shi anka sa ya raka ni Kwatano. Ya ɗaga akwatin da hannu guda, ya runtse ido.

"Ashirin da 'yan kai."

"Kawu, 'yan kan nan fa?"

"Ke dai tsoro gare ki kamar farar kura. Kin taɓa ganin awo babu gyara? Buhun albasa ma sai an ɗora mishi hula. Masu jirgi ba 'yan Adam ba ne?"

Yini guda munka yi cikin kar, babbar motar fasinja. Washegari a filin jirgi munka iske wata budurwa zaune bayan sikeli. Akwati na hawa, jajayen lambobi sunka fito, ta ce ashirin da shidda.

Kawu ya gyara hula. Ya gaishe ta da faransancinshi na kasuwa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, kana ya ce, "Madam, a yi muna gyara. Ciniki ba na rana guda ba ne." Ta nuna mishi tagar biya da biro. Ya ce a sake awo, ya riƙe marikin akwatin yana ɗan tallafe shi, yana kallon sama kamar ba shi ba. Ta ce ya ɗauke hannu. Mutanen bayanmu sunka fara dariya.

Dole munka buɗe akwati a ƙasa, ɗiyata na goye tana jan kallabina. Sai na ga hannun Kawu ya wuce shinkafa, ya wuce kihi, ya kama ledar gari.

"Ga nauyin nan. Gari ne kawai. Saƙon surukarki ba ya komawa, da wane ido zan dube ta?"

Tun da nike ban taɓa mayar mishi da magana ba. Amma ranan na ce, "Kawu, ɗan Inna na da haƙora cike da baki. Tawa biyu gare ta."

Na zare ledar daga hannunshi, na ciro shinkafar na aje gabanshi. Anka aza akwati, saura kaɗan. Na hidda turmin atamfata guda da takalman da na saya don maigida ya gani. Budurwar ta liƙa takarda, akwati ya shige da garin ɗiyata ciki.

Kawu ya tsaya rungume da shinkafa kamar wanda anka bar ma jinjiri.

"Wagga ba ta komawa Garu," in ji shi. "Ina da aboki a unguwar Zongo nan Kwatano, shi zan kai ma. Ke kuma, in Inna ta tambaya, ki ce ta yi daɗi."

Ta tambaya kuwa, tun wayar farko. Na ce, "Inna, ta yi daɗi."